Yadda Na Cinye wa Hajiya Hutunta a Gana

Tun da muka dawo daga Gana mutanen Gyadi-Gyadi ba su bar ni na sarara ba. In na fito sallar la'asar, "Malam Sabi'u, ya Gana?" In na je sayen burodi, "Malam, ya aka baro su?" Ran nan har wani tsohon ɗalibina ya taka birkin adaidaita sahunsa a bakin titin Zariya, da fasinja a ciki, don kawai ya ji ko da gaske ba a hango ƙarshen teku. Kowa ina ba shi guntu-guntu, kuma a kowane guntu ni ne gwani. To yau na gaji. Zan faɗi yadda aka yi tun daga farko, mai dariya ya yi abarsa.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin labarin ƙasa ne mai ritaya. Shekara talatin da biyu ina zana teku a allo, ina buga tebur ina faɗa wa 'ya'yan mutane zurfinta, alhali ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne dam ɗin Tiga, shi ma daga cikin mota. Matata, Hajiya Rabi, nas ce a babban asibitin da ke kusa da mu. Unguwa kaf Sista ake ce mata, kuma ƙofar gidanmu ba ta rufuwa: mai zazzaɓi, mai son a duba masa takardar likita, mai son a auna masa jini. Bara ƙafafunta suka fara kumbura, likita ya ce in ba ta huta ba ita ma za ta hau gadon da take shimfiɗa wa wasu. Wata rana ta dawo daga aiki ta ce, "Malam, an ba ni hutun kwana goma sha biyu. Ba na son biki, ba na son dubiya. Bakin teku nake so in je in zauna."

Na ce, "Ki zauna ki yi me?"

Ta ce, "In zauna."

'Yarmu ta fari da ke aure a Hotoro ta ɗauki nauyin komai. Ta kama mana masauki a garin Cape Coast na Gana, daf da ruwa, na kwana shida. Uku a hanyar zuwa, uku a hanyar dawowa, shida a zaune. Lissafi ya fita tsaf, saura ni in ɓata shi.

Ga inda na ɓata shi. Da yamma na je majalisarmu ta ƙofar shagon Alhaji Ɗanlami mai kayan gini, na sanar cewa za mu yi tafiya. Alhaji Ɗanlami ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Gana? Me za ku je yi?" Jama'a, kun san halinmu. Bakano yana tafiya Makka, yana tafiya saro kaya, yana tafiya asibiti ko karatu ko gaisuwar mutuwa. Amma dattijo mai furfura ya buɗe baki a gaban mutane ya ce zai ƙetare ƙasa uku don ya kalli ruwa? Mu da muka yi shekaru muna dariyar Turawan da ke zuwa Ƙofar Mata suna ɗaukar hoton marina? Sai na ji bakina ya ce, "Zumunci."

"Au, kana da dangi a can?"

"Ta wajen uwa," in ji ni, ni da uwata ba ta taɓa wuce Wudil ba.

Wallahi kafin magariba labari ya zaga Tarauni. Ashe rabin unguwar nan suna da ɗan'uwa a zangon Gana, jira kawai suke a samu mai zuwa. Sautu ya fara shigowa. Alhaji Ɗanlami ya aiko da kilishi da turmin shadda a kai wa yayarsa, Hajiya Ladi, a unguwar Nima ta Akara. Wata ta kawo daddawa, wani kuka da kuɓewa busasshiya, wani yaji a galan. Na ƙarshe shi ne Malam Isiyaku ladaninmu, ya zo da kansa da babbar riga a naɗe da wasiƙa, ya ce a kai wa yayansa da ke Kumasi, rabonsu da juna shekara arba'in, kuma an ce jikin ya yi tsanani. "Hannu da hannu, Malam Sabi'u, don girman Allah." Wa zai ce a'a? Mai tafiya zumunci ba ya ƙin sautu. Hajiya ta fito tsakar gida ta dubi buhu biyu da na jingine, ta dube ni, ta ce, "Allah ya ba da lada, Malam." Ta koma ɗaki.

Muka hau mota a tashar Unguwa Uku zuwa Abuja, washegari Legas. Na wannan ɓangaren ba abin faɗi sai ciwon baya. Ni ne mai taswira a hannu ina sanar da sunan kowane gari da muka wuce, har wani fasinja ya ce, "Baba, ai a rubuce yake a allon hanya." Hajiya kuwa ita ce mai miƙo min maganina a kan lokaci, ita ce mai tuna inda na sa tabarau, ita ce ta gano hulata a ƙarƙashin kujera a Lakwaja.

Daga Legas muka shiga babbar bas mai sanyi zuwa Akara. A nan daddawa ta fara aikinta. Ba mu kai Badagiri ba sai da mutane suka fara waige-waige suna toshe hanci, wata mata ta ɗaga jaririnta ta shinshina. Na kalli taga kamar ban san zancen ba. A iyakar Seme aka ce kowa ya sauko da kayansa. Jami'in da ya kwance buhuna ya ja da baya taku biyu, ya tambaye ni da Turanci ko wani abu ne ya mutu a ciki. Na tsaya ina yi masa lacca a kan itacen ɗorawa da yadda ake sarrafa ƙwayarsa, layi ya taru a bayana. Hajiya ce ta matso ta ce masa kayan miya ne, ya yi dariya ya ɗaure. Da aka zo tambayar abin da zai kai mu Gana, na ce ziyarar dangi. Ya ce sunan dangin da adireshinsu. Na tsaya ina ƙifta ido, don ko sunan ban ƙirƙira ba. Hajiya ta miƙa takardar masaukin ta ce, "Hutu za mu." Nan take ya buga hatimi. Ashe amsar da na ji kunyar faɗa a ƙofar shago ita ce amsar da ke buɗe iyaka ba gardama.

A bas ɗin akwai wasu 'yan mata biyu 'yan Legas, ma'aikatan banki. Na tambaye su me za su je yi, suka ce su gudu daga hayaniya da cunkoson motoci ne kawai, su kwana uku ba mai kiransu. Na ce a raina, yaran zamani, lafiyarsu ƙalau suna neman hutu. Ban ko dubi wadda ke zaune kusa da ni ba.

A Lome titin ya bi gefen teku. Hajiya ta riƙe min hannu da ƙarfi, abin da rabonta da yi a gaban mutane tun muna amare. "Malam, ga ta can!" Na leƙa, na ga abin da na yi shekaru ina zanawa. Amma maimakon in yi tasbihi, sai na fara yi mata bayanin abin da ke haddasa igiyar ruwa. Kafin in gama, gine-gine sun tare, mun iso iyakar Aflawo.

Shirina shi ne mu sauke sautun Nima cikin awa ɗaya mu wuce. Tabɗi! Hajiya Ladi tsohuwa ce mai jiki da murya, ta haura shekara hamsin a can, Hausarta ta ɗan karkace amma karamcinta na Kano ne tsantsa. Ta rungume kilishin ta fashe da kuka, ta ce ƙanshin gida. Da na ce za mu wuce masauki, ta dafe ƙirji: "Baƙin Ɗanlami su kwana a otal ina raye? Sai dai bayan raina!" Aka share mana ɗaki. Aka kawo shinkafa da wake irin tasu, ja-ja, da taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai duk a faranti ɗaya, da wani baƙin yaji da na ɗauka miya ce na kwasa da cokali. Sai da na sha ruwa kofi huɗu ina hawaye, yaran gidan na leƙe suna dariya. Da safe kuwa koko da ƙosai, kamar a Unguwar Gano, har ma kokon Hausa suke ce masa.

Sai Hajiya Ladi ta tambayi sana'ar matata. Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma ina, sai na gyara zama na ce, "Ai babbar nas ce, duk Tarauni ba wanda bai san Sista Rabi ba." Innalillahi! Kafin azahar tsakar gidan ta zama asibiti. Tsofaffi a kan benci, masu ciwon gwiwa, masu jiri, mai ɗauke da ledar magunguna tana son a karanta mata. Wani ya aro na'urar auna jini daga maƙwabta. Matata ta naɗe hannun riga ta fara. Ni kuma aka ja ni gida-gida ina raba daddawa da kuka, kowane gida sai an ci, sai an yi addu'a, sai an tambayi wane da wance. Ana ta ce min Malam na Kano, ana ba ni kujerar gaba, ni kuwa ina ta washe baki. Kwana uku cur muka yi a Nima. A rana ta uku na shigo ɗaki na sami matata ta ɗora ƙafafunta a kan matashi, sun kumbura kamar yadda suke yi a gida. Na kasa haɗa ido da ita. Kunya ta kama ni sosai, amma ban fasa tambayarta inda ta ajiye min carbi ba.

A rana ta huɗu muka kuɓuta zuwa Cape Coast, da sabon sautun da Hajiya Ladi ta haɗa na komawa Kano. Masaukin ɗan ƙarami ne, ɗakuna shida, da bishiyoyin kwakwa har bakin ruwa. Hajiya ta ajiye jaka ta nufi wata kujerar katako da ke fuskantar teku. Na ce, "Haba Hajiya, mu zo har nan mu zauna? Akwai tsohon ginin da aka tsare bayi, tarihi ne, tashi mu je." Ta tashi. Muka yi ta hawa da sauka a matakala, cikin rana.

A can ne ciwon tambayata ya tashi gadan-gadan. Duk baƙon da na gani sai na tare shi da Turancina na aji, in ce me ya kawo shi. Akwai wani baƙar fata ɗan Amurka, ƙato, wanda ya tsaya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai duhu inda aka kulle bayin, ya dafa bango yana kuka kamar yaro. Da muka fito ya ce min bai san sunan kakanninsa ba, bai san garinsu ba, abin da ya sani kawai ta irin ƙofar wannan gini aka fitar da su zuwa jirgin bayi. Ya tambaye ni ko na san kakan kakana. Na ce na san har gidan da aka haife shi a cikin birni. Ya ce, "Kai mai arziki ne." A raina na ce wannan kam zumunci ya zo, na gaske, ba irin nawa ba. Akwai kuma wani ɗan Koriya mai kyamarori biyu a wuya, wanda ya ce a shekara kwana biyar kacal yake samu, don haka yake ɗaukar komai a hoto ya kalla a hankali in ya koma. Har ni ya ɗauka da babbar rigata, ya sa na tsaya kusa da igwa. Ni da ke dariyar masu ɗaukar marina, ga ni na zama abin ɗauka, har ina gyara hula.

A masauki kuma muka haɗu da wata tsohuwar Bajamushiya, siririya, fatarta ta ƙone ta yi ja. Ta ce duk shekara in sanyi ya shigo ƙasarsu, rana ta daina fitowa sosai, sai ta gudo nan. Mijinta ya yi jinya shekara bakwai ita ke kula da shi, da ya rasu sai ta ga ta manta yadda ake zama haka kawai, shi ne take koyo. Na fassara wa Hajiya ina dariya, wai ana koyon zama. Na manta Hajiya ta fi ni jin Turanci. Ba ta yi dariyar ba.

Saura kwana biyu, ga rigar Malam Isiyaku a jaka. Bayan sallar asuba na fara share fage: "Hajiya, Kumasi fa ba nisa, awa biyar ce. Mu je mu kwana ɗaya, gobe da la'asar mun dawo, kin ga sai ki samu yammacin nan ki zauna."

Ta ninke sallayarta a hankali ta ce, "Amana ce, dole a kai. Kai ka karɓa, kai za ka kai. Ni ina nan."

"Ke kaɗai? A ƙasar mutane?"

"Ni kaɗai, Malam."

Na yi ta kawo dalilai, ta yi ta kallona. Ƙarshe na saɓi jaka na fita ina ƙunƙuni.

Alhamdu lillahi na kai amanar. Na sami yayan Malam Isiyaku a zangon Kumasi, tsoho tukuf a kwance, idonsa ya tafi. Na karanta masa wasiƙar, ya sa aka ɗora masa rigar a ƙirji yana shafawa yana kiran sunan ƙaninsa. Wannan kaɗai ban yi nadamarsa ba a duk sautun. Amma ni kaina fa? Abin kunya. Lokacin shan magani ya yi, na zazzage jaka ban gan shi ba. Na kira Hajiya, waya a kashe. Na sake kira, a kashe. Da na gano maganin da ƙyar, sai ga ƙwayoyi iri uku, ban san wanne ne na safe wanne ne na yamma ba, ni da na shekara tara ina sha. Aka kawo min sakwara da miya mai ruwa, na rasa wanda zan tambaya ko cikina zai ɗauka. Na ci, bai ɗauka ba. A hanyar dawowa sau biyu ina roƙon direba ya tsaya. Na bar tabarau a Kumasi, yana can har yau. Na kira ta ya fi sau goma, na aika saƙo babu amsa, na shirya faɗan da zan yi tun daga tasha, har da inda zan ɗaga murya.

Na iso da la'asar sakaliya. Ba ta ɗaki. Na zaga baya, sai na jiyo dariya. Na tsaya cak, don na san muryar amma na daɗe ban ji ta haka ba, dariya ce har da shessheƙa irin ta 'yan mata. Tana zaune a kan yashi ita da Bajamushiyar, sun miƙe ƙafa ruwa na zuwa yana taɓa su yana komawa, gefen hijabinta ya jiƙe sharkaf ko a jikinta. Kumburin ƙafar ya saɓe. Bajamushiyar ta gan ni, ta ɗaga min hannu ta tashi ta ba mu wuri.

Na ce, "Hajiya, tun jiya nake kiranki."

"Sannu da hanya, Malam. An kai?"

"An kai. Na ce tun jiya nake kiranki."

"Na gani. Ina kunnawa in duba saƙo in sake kashewa."

"Kin gani? To da wani abu ne ya same ni fa?"

"Na karanta duka, Malam. Magani ne, da sakwara, da tabarau."

Na buɗe baki in fara faɗan da na shirya, ta riga ni. Ba da fushi ta yi maganar ba, ko juyowa ba ta yi ba, idonta na kan ruwa.

"A asibiti ana ba ni ranar hutu. Unguwa ma in na rufe ƙofa suna haƙura. Wajenka ne kawai ban taɓa samun hutu ba, shekara talatin da huɗu, sai jiya da yau."

Jama'a, na sha jin magana a rayuwata, daga hedimasta har sufeto, amma ba wadda ta taɓa shiga ta kamar wannan. Duk tafiyar nan ina bin baƙi da tambayar me suka gudo wa, ɗaya sanyi, ɗaya aiki, ɗaya cunkoso, ban taɓa tambayar matata ba.

Na cire takalmi na zauna a kan yashin, ɗan nesa da ita. Maƙogwarona ya bushe ƙamas saboda hanya, ga gorar ruwa can ɗaya gefen nata. Har na ce, "Hajiya, ɗan miƙo..." sai na haɗiye sauran. Na dafa ƙasa na miƙe da ƙyar, gwiwa na ƙara, na zagaya ta bayanta na ɗauko da kaina.